KUƊIN SARKI DA HANYAR KOMAWA GIDA

Darasi domin ikilisiyoyin ƙasar Tambuwal da Kebbe

Karatu: Ezra sura 1 da sura 8, Nehemiya sura 2 da sura 5, Irmiya sura 29

Babu wanda ya ke zaune a ƙasar Sakkwato yau da bai ga ɗan gudun hijira da idonsa ba. Muna ganinsu a tasha, da makarantu, da kangayen da ba a gama gini ba, da zaurukan dangi. Ƙasar Kebbe ta yi iyaka da Zamfara, dazuzzukan kuwa ba su san iyaka ba, saboda haka ƙauyukanmu na kudu su ma sun ɗanɗana wannan wahala. Mutumin da jiya ya ke da rumbu uku, yau yana miƙa kwano.

Tuwon yau sadaka ne mai kyau, amma ba ya ƙare gudun hijira. Abin da ya ke ƙare shi biyu ne a wurinmu: ko mutum ya koma garinsu lafiya, ko ya sami wurin zama na sosai inda ya sauka. Dukansu biyu suna cin kuɗi mai yawa, fiye da abin da baikon ranar Lahadi zai iya ɗauka. Yawancin kuɗin nan daga gwamnatoci ya ke fitowa, ya bi ta hannun ƙungiyoyin jinƙai. Darasinmu na wannan wata shi ne mu gane yadda kuɗin ya ke tafiya, da albarkar da ke cikinsa, da tarkon da ke cikinsa, da abin da ya wajaba a kanmu.

1. Su wane ne a ke magana a kansu

A bakinmu duk wanda ya gudu ɗan gudun hijira ne. A wurin doka kuwa kashi biyu ne. Akwai wanda ya ƙetare iyakar ƙasa, kamar mutumin Sabon Birni da ya shiga Nijar. Wannan yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1951, da ta ƙasashen Afirka ta 1969, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da a ke kira UNHCR kuma tana lura da shi. Akwai kuma wanda ya bar ƙauyensu amma bai bar ƙasarsa ba, kamar wanda ya taso daga ƙauyen Kebbe ya sauka Tambuwal. Wannan nauyinsa yana kan gwamnatin ƙasarsa. Shugabannin Afirka suka sa hannu a kan wannan a Kampala cikin 2009, Nijeriya kuma ta amince da shi cikin 2012.

Ga kaɗan daga abin da ya faru a ƙasarmu. Cikin watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi. Cikin 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka soma kwarara zuwa jihar Maraɗi, musamman ƙasar Gidan Rumji. Cikin watan Afrilu na 2020 kaɗai, UNHCR ta ce mutum 23,000 suka ƙetare, jimla kuwa ta haura 60,000. Ran 27 ga Mayu na wannan shekara aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Cikin Nuwamba 2021 waɗansu 11,500 suka shiga jihar Tawa.

Dattawanmu suna tuna lokacin da hanyar ta juya. A farin 1973 da 1974 mutanen Nijar ne suka gangaro wurinmu neman abinci. Wanda ya sauki baƙo jiya, yau shi ne baƙo. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu girman kai.

2. Sarkin da ya biya kuɗin komawa

Batun nan ba sabo ba ne. Mutanen Yahuda suka yi zaman bauta a Babila, har Sairus Sarkin Farisa ya ci ƙasar. A shekararsa ta fari a kan Babila, wajen 538 kafin haihuwar Almasihu, ya yi shela cewa wanda ya ke so ya koma Urushalima. Ku lura da abu uku cikin Ezra sura 1.

Na fari, ba a tilasta wa kowa ba. Wanda zuciyarsa ta motsa shi ne ya tashi. Na biyu, sarki ya buɗe taskarsa, ya mayar da kayan Haikali guda 5,400, aka ƙidaya su a hannun shugaban Yahuda. Na uku, maƙwabta suka taimaka da azurfa da kaya da dabbobi. Watau hannun sarki da hannun talakawa suka haɗu. Jama'ar da aka lissafta cikin sura 2 mutum 42,360 ne. Bayan shekaru, Sarki Dariyus ya umarta a biya kuɗin ginin daga harajin lardin, kamar yadda sura 6 ta nuna.

Sairus ba Bayahude ba ne, duk da haka Allah ya yi aiki da taskarsa. Don haka kada wani ya ce kuɗin gwamnati ƙazamtacce ne, bai kamata mai bi ya taɓa shi ba. Kuɗin gwamnati harajin talakawa ne. Idan ya koma ga talakan da aka ƙone wa gida, ya koma inda ya dace.

Amma ba duka suka koma ba. Tun kafin wannan, annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda su ke Babila ya ce su gina gidaje, su yi gonaki, su yi aure, su nemi lafiyar garin da su ke ciki. Da yawa suka zauna can har jikoki. Littafi Mai Tsarki bai zargi wanda ya zauna ba, bai kuma zargi wanda ya koma ba.

3. Yadda kuɗin ya ke tafiya a zamaninmu

Kuɗin yana da rafi biyu. Rafi na fari na gida ne. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar 'yan gudun hijira cikin 1989, da hukumar agajin gaggawa ta NEMA cikin 1999, da ma'aikatar jinƙai cikin 2019. Jihar Sakkwato kuma tana da tata hukumar agajin gaggawa. Waɗannan su kan raba hatsi da tabarmi da kwanon rufi, wani lokaci da kansu, wani lokaci ta hannun ƙungiyoyi.

Rafi na biyu daga ƙetare ya ke zuwa. UNHCR ba ta da haraji nata. Kusan dukan kuɗinta gudunmawa ce da gwamnatoci su ke bayarwa da son ransu, shekara shekara, Amurka kuwa ta daɗe tana kan gaba, sa'an nan Jamus da Tarayyar Turai. Hukumar ta kan ƙulla yarjejeniya da babbar ƙungiya, babbar ƙungiya ta nemi ƙarama wadda ta san gari da harshe, ƙarama kuma ta kai ga mai bukata. A kowane zango a kan cire kuɗin mota da albashi da ofis. Wannan ba sata ba ce, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa. Amma in zangon ya yi yawa, abin da ya ke isa ƙauye ya kan zama kaɗan.

Akwai kuma wani abin da ya shafe mu musamman. Shekaru da yawa babban tsarin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya tsaya ga jihohi uku na gabas, Borno da Adamawa da Yobe. Cikin 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi kuka a fili cewa an manta da arewa maso yamma. Saboda haka nauyin baƙinmu ya faɗa kan dangi, da masu unguwanni, da masallatai, da ikilisiyoyi.

4. Misali mai kyau daga Maraɗi

Sa'ad da mutanenmu suka shiga Nijar, ƙauyukan bakin iyaka suka karɓe su, har wani ƙauye baƙi suka fi 'yan gari yawa. Maharan kuwa suna iya bin su can. Sai gwamnatin Nijar da UNHCR suka shirya a matsar da waɗanda suka yarda zuwa cikin ƙasa. Daga 2019 zuwa 2020 aka zaunar da su a gefen ƙauyuka uku: Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori.

Hikimar abin ita ce, ba a kewaye su da waya a daji ba. An sa su kusa da 'yan gari, ruwan sha da asibiti da makaranta da aka kawo kuwa na kowa ne, baƙo da mai masauki. In da baƙo kaɗai a ke ba buhu, mai masauki yana kallo da yunwa, da ƙiyayya ta tsiro kafin shekara ta kewayo. Duk wanda zai yi aikin nan a ƙasarmu ya riƙe wannan: matar da ta raba ɗakinta da iyali biyu, ita ma mai bukata ce.

5. Tarko uku

Tarko na fari shi ne gaggawa. Mai ba da kuɗi yana son ya ga sansani ya watse domin a ce aiki ya ƙare. Cikin Oktoba 2021 Gwamna Babagana Zulum ya sanar za a rufe sansanonin Maiduguri kafin ƙarshen shekara. Dalilinsa yana da nauyi, gama zaman sansani yana kashe zuciya, yara kuma suna girma ba su san fartanya ba. Aka gina gidaje, aka ba iyalai kuɗin hannu. Amma cikin 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa da yawa sun faɗa yunwa bayan rufewar. Cikin Satumba 2025 kuma aka kai hari Darul Jamal a ƙasar Bama, garin da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba, aka kashe fiye da mutum 60. Gidan kwano ba ya tare harsashi. Ka'idar da Nijeriya da Kamaru da UNHCR suka sa wa hannu cikin Maris 2017 ita ce, komawa ta zama da son rai, da lafiya, da mutunci. In ɗaya ta ɓace, sauran biyun ba su tsaya ba. A ƙasar Sabon Birni da Isa an sha ba da labarin ƙauyukan da sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu. Wanda ya koma a kan wannan sharaɗi, daga wata bauta ya shiga wata.

Tarko na biyu shi ne hannu mai ɗanko. Cikin 2017 ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa ya faɗa da bakinsa cewa a da wajen rabin motocin hatsin da a ke aikawa gabas ba su kan isa wurin masu bukata ba. Cikin Janairu 2024 aka dakatar da ministar jinƙai domin a binciki batun naira miliyan 585 da aka nemi a tura asusun wani mutum. Kada mu yi saurin nuna yatsa. Jarabar da ta ke kama babba a Abuja ita ce ta ke kama ɗan kwamiti a ƙauye sa'ad da ya ke rubuta sunan ƙanensa cikin jerin waɗanda ba su gudu daga ko'ina ba.

Tarko na uku shi ne jingina. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Cikin Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin agajinta na ƙetare, kafin ƙarshen Yuli kuma hukumarta ta USAID ta rufe. UNHCR ta rage ma'aikata dubbai. Hukumar abinci ta duniya ta yi gargaɗi cikin Yuli cewa agajin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas yana bakin tsayawa. A Amurka kanta, inda tun dokar 1980 gwamnati ta ke biyan ƙungiyoyin ikilisiyoyi su zaunar da baƙi, bishof-bishof na Katolika suka daina wannan yarjejeniya cikin Afrilu 2025. Ƙungiyar da dukan numfashinta ya ke hannun sarki ɗaya, ran da sarki ya juya fuska sai ta suma.

6. A karɓa ko a ƙi?

A nan Ezra da Nehemiya suna koya mana abu mai daɗi, gama dukansu bayin Allah ne, sarki ɗaya kuma suka yi wa aiki, watau Artashate, amma ba su yi abu ɗaya ba. Ezra ya karɓi azurfa da zinariya daga sarki, amma ya ji kunyar roƙon sojoji, domin ya riga ya shaida wa sarki cewa Allah yana tsaron masu nemansa. Nehemiya kuwa ya roƙi takardun hanya da katako daga dajin sarki, ya kuma tafi da mahayan da sarki ya haɗa shi da su. Ba a tsauta wa ko ɗaya ba. Kowannensu ya duba abin da karɓa za ta jawo wa shaidarsa.

Haka ya ke har yau. Cikin 2016 ƙungiyar MSF ta daina karɓar kuɗin Tarayyar Turai domin ba ta yarda da yadda a ke tare baƙi a bakin teku ba. A Yola kuma, Bishof Stephen Dami Mamza ya sauki masu gudu a harabar majami'arsa tun 2014, cikin 2021 ya buɗe gidaje 86 a Sangere Marghi da taimakon masu bi na Jamus, ya gina musu makaranta da majami'a, ya kuma gina masallaci domin Musulmin da su ke cikinsu. Waɗansu ƙungiyoyi kuwa suna karɓar kuɗin gwamnati suna aiki da shi da aminci. Tambayar da za a yi kafin a sa hannu ita ce: mene ne mai kuɗin ya ke so a bakinsa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In sharaɗin shi ne lissafi mai tsabta da rabo ba tara, mu karɓa da godiya. In sharaɗin shi ne mu tura mutane inda mu kanmu ba za mu kwana ba, ko mu yi shiru a kan gaskiya, ko mu raba kaya da hoton ɗan takara, mu ƙi.

7. Ma'aunin Ezra

Ku karanta Ezra 8 a hankali. A bakin kogin Ahawa ya keɓe mutum goma sha biyu daga manyan firistoci, ya auna musu dukiyar. Da suka isa Urushalima aka sāke aunawa a hannun waɗansu mutane dabam, aka rubuta nauyin duka. Ezra bai ce, ai mu mutanen Allah ne, a yarda da mu kawai ba. Manzo Bulus ma, sa'ad da ya tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, bai ɗauki jakar shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, kamar yadda 2 Korintiyawa sura 8 ta nuna. Nehemiya kuma shekara goma sha biyu yana mulki bai ci abincin da doka ta ba mai mulki ba, domin ya ga nauyin da ke kan talakawa.

Daga nan mu ɗauki ka'idodi domin kowace ikilisiya ko ƙungiya da kaya za su bi ta hannunta.

Kada mutum ɗaya ya karɓa, ya ajiye, ya kuma raba. Mai rubutu dabam, mai maɓalli dabam.

A rubuta sunayen masu bukata tare da mai unguwa da limami da matan da su ke cikin baƙin, a karanta jerin a fili.

A auna a gaban mutane, da mudu ɗaya ga kowa.

Kada a tambayi addinin mai yunwa. Yawancin waɗanda suka gudo wurinmu Musulmi ne, maƙwabtanmu ne kuma. Buhun gero ba ƙugiya ba ce ta kama mutane. In shaidarmu tana bukatar cin hanci, ba shaida ba ce.

A tambayi baƙin abin da su ke so kafin a shirya musu. Wani yana jiran hanya ta buɗe ya koma, wata kuwa ta binne mijinta da 'ya'yanta a can, ba ta son ta sāke ganin wurin.

A lura da lokaci. Irin gero da ya iso cikin Agusta ya zama abinci, ba iri ba. Mai niyyar taimakon manomi ya shirya tun bazara, domin iri da taki su kasance a hannu kafin ruwan shuka.

8. Abin da ba ya jiran kuɗin sarki

Ikilisiyoyinmu a wannan ƙasa ƙanana ne, wataƙila babu wata hukuma da za ta taɓa kiranmu ta ba mu kwangila. Wannan bai sallame mu ba. Labarin Rut ya nuna mana mata biyu gwauraye, ɗaya mai komawa gida, ɗaya baƙuwa mai neman wurin zama. Ba taskar sarki ta tsayar da su ba. Dokar kala ce, da manomi ɗaya mai tsoron Allah wanda ya bar gefen gonarsa, daga baya kuma ya tsaya a ƙofar gari ya daidaita batun gonar gado a gaban dattawa.

Mai gona a cikinmu zai iya ba da aron kadada ɗaya na damina biyu, a yi maganar a gaban shaidu domin kada rigima ta tashi. Mai sana'a zai iya ɗaukar yaro ɗaya ya koya masa. Malamin makaranta zai iya bin sawun yaran da karatunsu ya yanke. Wanda ya iya rubutu zai iya raka gwauruwa ofishin ƙaramar hukuma a sa sunanta cikin rajista, gama wanda ba a rubuta ba, ba a kan tuna da shi ran rabo. Mu duka kuma muna da baki: mu tambayi kansila da ɗan majalisa, cikin ladabi, nawa aka ware domin masu gudu, ina kuma ya tafi. Nehemiya ma sai da ya buɗe baki a gaban sarki kafin katako ya fito.

Tambayoyi domin nazari

1. Wane bambanci ke tsakanin wanda ya ƙetare iyaka da wanda ya gudu cikin ƙasarsa? Wa ke da nauyin kowannensu?
2. Faɗi abu uku da muka gani cikin shelar Sairus.
3. Don me Ezra ya ƙi sojoji, Nehemiya kuwa ya karɓa? Yaushe ya kamata ƙungiya ta ƙi kuɗin gwamnati?
4. In aka kawo wa ikilisiyarku buhu hamsin gobe, su wa za su auna, su wa za su rubuta?
5. Iyali nawa na baƙi ke zaune a unguwarku? Kun san sunayensu?

Abin addu'a

Mu roƙi Allah ya ba ƙasarmu salama, domin masu son komawa su koma su yi noma ba tsoro. Mu yi addu'a domin masu mulki, da sarakuna, da ma'aikatan agaji, su riƙe amana. Mu roƙa kuma ya ba mu hannu mai tsabta da ƙofa a buɗe. Amin.